INA JIRGI ZAI KWANA?

A nan Suleja ba mu da kogin da jirgi zai bi. Rafin Iku bai isa ɗaukar kwale-kwale ba, Gurara kuwa inda muka fi saninta faɗowa take yi daga kan duwatsu, sai dai kallo. Amma duk da haka muna cikin jihar da Allah ya hore wa ruwa, ga Kogin Kwara, ga Kogin Kaduna, ga kuma manyan tafkuna na Kainji da Jebba da Shiroro. Busasshen kifin da ake sayarwa a kasuwarmu da jirgi ya fara tafiya kafin ya hau mota. Saboda haka maganar jirgi ta shafe mu, ko da ba mu taɓa riƙe filafili ba.

A ƙasashen Turai akwai masu hali waɗanda nishaɗinsu shi ne su ɗauki ƙaramin jirgi su yi ta bin gaɓar teku, musamman wajen tsibiran Girka da bakin ruwan Turkiyya. Abin da suke alfahari da shi kuwa shi ne samun wani lungu inda babu kowa, su jefa anga su kwana. Suna da taswira mai nuna zurfin kowane lungu, da littattafai masu faɗin irin ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ko yashi ne, ko laka, ko dutse. Har ƙa'ida gare su cewa tsawon sarƙar anga kada ya gaza ninki uku na zurfin ruwan, in igiya ce kuwa a ƙara. Wannan ilmi da su ke wasa da shi, a wurinmu shi ne ke raba rai da ajali.

Kada mai karatu ya zaci mu ba mu da irinsa. Tun kafin Bature ya zo, Kede, watau reshen Nufawa masu sana'ar jirgi, suna da zango-zango a bakin Kwara a ƙarƙashin Kuta na Muregi, inda Kogin Kaduna ya haɗu da Kwara. Sarkawan Kabi da na Yawuri su ma haka, duk inda suka ga wurin ya yi kyau sai su kafa bukkoki, shi ya sa har gobe garuruwan bakin ruwa da yawa sunansu ya fara da Tunga. A 1830 da 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka tashi daga Busa har suka kai teku, jiragen mutanen ƙasa suka shiga, matuƙan ƙasa kuma suka nuna musu hanya.

Tsohon matuƙi ba ya ɗaure jirgi don kawai rana ta faɗi. Ya san hadari a ƙasar nan galibi daga gabas yake tasowa, musamman farkon damina da ƙarshenta, don haka yakan nemi gindin gaɓar gabas inda tudu zai tare masa iska. Wanda ya kwana a gaɓar yamma, shi raƙuman ruwa za su yi ta makawa da ƙasa har jirgi ya tsage. Yakan duba sawun dorina a laka, in ya gani ya ƙara gaba, gama ba a kwana a kan hanyarta ta fita kiwo. Yakan kuma kafa turke nesa da bakin rafin da ke zuba cikin kogi, domin ruwan da aka yi a wani gari can yana iya isowa da tsakar dare. Babu ɗaya daga cikin wannan da aka rubuta. A bakin dattawa yake, dattawan kuwa suna ƙarewa.

Sa'an nan ruwan kansa ya canja. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, tsohuwar Busa ta nutse, aka ta da mutane fiye da dubu 40, aka sami tafki mai tsawon kamar kilomita 130. Itatuwan da ruwa ya shanye da yawa suna nan tsaye a ƙasa. Tafkin yana cika yana janyewa kowace shekara, ambaliya biyu ke ciyar da shi: ta damina, da kuma wadda ke isowa da sanyi bayan ta yi doguwar tafiya daga duwatsun Gini. Lungun da ya yi zurfi a watan Janairu, a watan Yuli kututture ne cike da shi. Shiroro, wadda aka buɗe a 1990, ita ma haka take.

To, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lokoja, ta hana tafiya daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Doka ce mai kyau, ba mai musu. Jirgin da ya kife a ƙasar Patigi cikin Yuni 2023, ya ci rai fiye da 100 na masu dawowa daga biki a Jihar Neja, cikin dare ne. Na Gbajibo a ƙasar Mokwa, ran 1 ga Oktoba 2024, shi ma cikin dare ne, da mata da yara masu zuwa Mauludi. Gaskiya ne ba dukkan haɗari ne na dare ba. Na Wara a 2021 da rana ya auku, lodi da tsufan jirgi sun isa su kashe mutane ko da hantsi. Amma abin tambaya a nan shi ne, matuƙin da magariba ta riske shi a tsakiyar tafki da fasinja tamanin, a ina doka take so ya tsaya?

A nan ne zancen ya yi nauyi. Lungun da babu kowa, wanda Bature ke biyan kuɗi ya samu, shi ne abin da matuƙin Shiroro ya fi tsoro, domin ɓarayin daji sun sa keɓaɓɓen wuri ya zama tarko. Su ne ma suka kori mutane da yawa daga hanyar mota zuwa ta ruwa. Mutumin da aka ba shi zaɓi tsakanin kututture da bindiga, sai ya ja injinsa ya yi tawakkali. Ni dai ban ga laifinsa duka ba.

A ganina aikin bai fi ƙarfin hukuma ba. An buɗe tashar Baro da babban biki a Janairu 2019. Abin da ƙananan jirage ke bukata bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba. A zauna da Sarakunan Ruwa da shugabannin matuƙa na Malale da Zumba da Muregi, su faɗi wuraren da iyayensu ke kwana, a zaɓi waɗanda ke kusa da gari. A kafa turaku masu ƙarfi, da fitila mai aiki da hasken rana, da rumfar da mata da yara za su fake, a sa 'yan sandan ruwa su riƙa leƙawa. Idan ruwa ya janye, a bi hanyoyin kasuwa a sa wa kututturan alama, waɗanda za su saru a sare su. A kuma rubuta sunayen wuraren nan da Hausa da Nufanci, a manna a kowace kwata, yadda matuƙi zai san tun kafin ya tashi inda zai kwana in rana ta ƙure masa.