Kafin a Ƙara wa Katafilar Lantarki Batir, a Koya Mata Barci

Duk mai riƙe da wayar hannu ya san ba kira kaɗai ke cinye caji ba. Fuskar da aka bari a kunne da manhajojin da ke aiki a ɓoye su ne ke sa waya ta mutu kafin la'asar. Shi ya sa a 2015 Google ya saka tsarin Doze a Android 6.0, wanda ke sa waya ta yi barci idan an ajiye ta, Apple kuma ya kawo yanayin tattalin caji a iOS 9. Wannan matsalar ce yanzu ta biyo manyan injinan gini masu amfani da batir, kuma maganinta kusan iri ɗaya ne.

Injinan sun riga sun shiga kasuwa. Kamfanin JCB na Ingila ya nuna ƙaramar motar haƙa mai suna 19C-1E a 2018. Volvo ya biyo baya a 2019 da ECR25 Electric, da kuma motar loda ƙasa L25 Electric. A shekarar ce birnin Oslo na ƙasar Norway ya soma gyaran titin Olav V da injinan lantarki, don rage hayaƙi da ƙara a tsakiyar gari.

Sai dai batirin ECR25 Electric kilowat-awa 20 yake ɗauka, kuma kamfanin ya ce yakan yi aikin da ya kai awa huɗu, gwargwadon nauyin aikin. Batirin waya mai 5,000mAh yana ɗaukar kusan wat-awa 19, ke nan batirin motar ya kai na wayoyi dubu. A ido da yawa ne. Amma lita ɗaya ta man dizal tana ɗauke da makamashin kusan kilowat-awa 10, wato duk batirin bai wuce lita biyu ba. Abin da ke cetonsa shi ne injin lantarki ba ya ɓarnar makamashi kamar na dizal, wanda fiye da rabin mansa ke tafiya a zafi. Duk da haka, mai ɗan guziri irin wannan ba shi da abin zubarwa.

Ga kuma yadda aikin gini yake: jira ya yi yawa a cikinsa. Direba yana jiran tifa ta dawo, yana jiran leburori su gyara bututu, yana jiran injiniya ya auna zurfin rami. Direbobin dizal sun saba barin inji a silo a irin wannan lokaci, domin tanki na da zurfi, kuma cika shi aikin minti kaɗan ne. Idan aka ɗauko wannan ɗabi'ar aka kawo ta kan motar batir, an shiga ɗiban ruwa da kwando.

Masu tallar injinan sukan ce motar lantarki ba ta silo. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba ne. Injin lantarkin yana juya famfon da ke tura man haidirolik zuwa hannu da bokiti. Muddin famfon na juyawa babu aikin da ake yi, wutar tana komawa zafi a cikin mai. Bayan wannan akwai fitilu, fankokin sanyaya, kwamfutar motar, da na'urar da ke aika bayanai ga ofis. Babban mai ci kuwa shi ne ɗumama ko sanyaya ɗakin direba. Motar dizal tana samun ɗumi kyauta daga zafin injinta. Ta lantarki daga batir take saye. A ƙasa mai sanyi kamar Norway, inda sanyin kansa ke rage ƙarfin batirin lithium, wannan ba ƙaramin kashi ba ne. A ƙaddara duk waɗannan suna jan kilowat ɗaya a tsaye: jiran awa biyu ya cinye kashi 10 cikin 100 na batir mai kilowat-awa 20, ba a ɗebi ko cokali ɗaya na ƙasa ba.

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce a ƙara girman batir. Amma batir na cikin abubuwan da suka fi tsada a motar, kuma ƙara shi yana ƙara lokacin caji. Ɗan kwangilar da ya biya kuɗin ƙarin batir don kawai ya ciyar da famfon da ke juyawa a banza ya sayi asara da kuɗinsa. Toshe ɓarakar ya fi araha, domin yawancinsa aikin manhaja ne.

Abu uku ya kamata su zama dole. Na farko, motar ta riƙa kashe famfo da kanta bayan 'yan daƙiƙoƙi idan ba a taɓa sandunan sarrafawa ba, kuma ta fito daga masana'anta da wannan tsari a kunne. Abin da aka bar wa mutum ya tuna, rana ɗaya zai manta. Na biyu, allon direba ya nuna inda wuta ta tafi, kamar yadda waya ke jera manhajojin da suka fi cin caji: kaza a haƙa, kaza a tafiya, kaza a jira. Na uku, a ɗumama ko a sanyaya ɗakin direba da batirin tun motar tana jone da caja, sannan a mayar da hutun rana lokacin ƙarin caji.

Masu ja da wannan suna da hujja. Direba ba ya son ya taɓa sanda motar ta tsaya tunani. Amma injin lantarki yana tashi nan take, ba ya buƙatar a ba shi wuta a jira ya kama. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta tsaro: motar da ta yi shiru tana iya sa lebura ya ɗauka a kashe take, ya shiga ƙarƙashin hannunta. Wannan kam dole a magance shi da fitila mai nuna motar a shirye take, da ƙarar gargaɗi kafin ta motsa. Haka nan ba a yi wa direba rowar iska a tsakar rana don tsimin batir. Kashe famfo ake nema, ba gasa mutum ba.

Lamarin ya wuce cajin yini ɗaya. Kowane zagayen caji yana rage wa batirin lithium kwana, kamar yadda wayar da ta shekara uku ba ta riƙe wuta irin ta sabuwa. Tsofaffin injinan Turai kuwa da yawa a Afirka ta Yamma suke ƙarasa rayuwarsu. Idan na lantarki suka bi wannan hanya, wanda zai gaji batirin da aka tsufar da shi a zaman jira shi ne mai saye na biyu, wanda wataƙila da janareta zai riƙa yi masa caji.

Saboda haka duk mai shirin saye ko hayar irin wannan mota, kada ya tsaya ga tambayar girman batir. Ya nemi a faɗa masa nawa take ci a awa ɗaya idan tana tsaye, da daƙiƙa nawa take ɗauka kafin ta yi barci. Ranar da masu saye suka dage kan wannan lambar, kamfanoni za su fara buga ta a takardar talla.