Ciwon da ke lafawa da zarar jiki ya ɗau zafi

Kusan wata biyu kafin jijiyar agarata ta tsinke, duk safiya idan na sauko daga gado sai in ji bayan dunduniyar dama ta sage. In na ɗan taka, sai ta saki. Ran Lahadi kuwa, a filin da 'yan zango ke haɗuwa a nan Bronx, da na yi gudun minti goma shi ke nan, ciwo ya tafi. Sai in ce ai ba komai, in shafa man zafi in ɗaure takalmi.

Wannan lafawar ita ce yaudarar. Agara jijiya ce da jini ba ya isarta sosai, shi ya sa take jinkirin warkewa. Ɗumin gudu yana rufe zafin ne kawai, ɓarnar na nan tana ƙaruwa. Ranar da abin ya faru, na waiwaya ina neman wanda ya harbe ni ta baya. Wallahi babu kowa kusa da ni.

Laifin ba nawa ni kaɗai ba ne. Mun taso da “daure mana, ba namiji ba ne kai?” Wanda ya ce zai huta mako biyu, sai a sa masa suna raggo. To ga Kevin Durant, da likitoci kewaye da shi: ya ji ciwo a sha-raɓa a watan Mayun 2019, ya dawo wasan ƙarshe na NBA a watan Yuni, agara ta tsinke, kakar wasa guda cur bai taka fili ba. Shi dai albashinsa bai tsaya ba.

Ni fa? Tasi nake tuƙawa, kuma da ƙafar dama ake taka birki. Watanni ina zaune da takalmin asibiti, ga kuɗin haya, ga Hajiya a Kumasi tana jiran saƙon wata.

Don haka 'yan uwa masu ƙwallon Lahadi, ciwon da ke dawowa wuri ɗaya kullum, ko kumburi, ko sagewar safe, ko ka ga ka fara ɗingishi, ba gajiya ba ce. A rage gudu, a je a duba. Masu horar da yara a gida kuma, in yaro ya ce gwiwa na damunsa, ku zaunar da shi a benci, ko da shi ne mai ci muku ƙwallo.