Na'ura ba ta maye gurbin mushen lakkol ɗin naƙasassu

Tun daga watan Maris na 2020, lokacin da annobar Korona ta sa aka rufe lakkoli a Nijar da sauran ƙasashe, maganar karatu ta intanet ba ta bar bakin shugabanni ba. To amma ya ku masu karatu, a cikin wannan zance wa ya tuna da yaro makaho, ko kurma, ko gurgu? Wa ya tuna da malaminsa?

A ƙasar Amurka, inda lakkolin intanet suka yi nisa, wata doka ta 1975, wadda aka sake wa suna IDEA a 1990, ta wajabta a rubuta wa kowane yaro naƙasasshe tsarin karatu nasa na kansa, tare da iyayensa, a kuma sake duba shi kowace shekara. Malamin da ke aiki ta intanet shi ke bin wannan tsari: yana ganawa da yaro ta bidiyo, shi kaɗai ko cikin ƙaramin rukuni, yana auna ci gabansa, yana kiran iyaye.

Ga inda gizo ke saƙa. Aikin wannan malami aikin hannu ne da ido. Rubutun makafi na Braille ɗigo shida ne, kuma sai an kama yatsan yaro an ɗora bisa takarda kafin ya gane su. Ta cikin kwamfuta malami ba ya kama yatsa. Dole uwa ko wa su zama hannunsa, shi kuma ya koyar da mutum biyu a lokaci guda. Kurma kuwa da maganar hannu yake karatu. Da zarar hoto ya tsaya don raunin rezo, darasi ya yanke.

Ba mu musanta amfanin abin ba. Gurgun da ke ƙauye nesa da Tawa ko Damagaram, wanda tafiyar ƙasa ta hana shi lakkol, malami zai iya iske shi har gida. Makaho ma yana da manhaja irin NVDA, ta kyauta, mai karanta masa abin da ke bisa allon kwamfuta. Amma mafi yawan ƙauyukanmu ba su da wutar lantarki, kuma lakkolin makafi da kurame, kamar na Yamai, a birane suke.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu tun 2008. Sa hannu ba shi da wuya. Cika alkawari ne aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a yi odar kwamfutoci, ya kamata ma'aikatar ilimi ta sa Braille da maganar hannu cikin horon kowane malami a makarantun horas da malamai, ta ware alawus ga masu wannan aiki, ta kuma horas da iyayen da za su zauna kusa da yaro.

In ba haka ba, za mu sayi na'urori da kuɗin talakawa, ƴaƴanmu naƙasassu kuma su ci gaba da riƙon ƙoƙon bara a bakin kasuwa.