Tukunyar Nono da Daren Haihuwar Kirishna



Duk wanda ya taɓa zama a gidan silima ko a rumfar bidiyo, daga Yamai har Damagaram, ya san wannan hoto: samari cunkus a titi, wasu bisa kafaɗun wasu, hawa-hawa kamar an jera buhunan gero a sito, har wani ɗan ƙarami ya kai ƙololuwa ya fasa tukunyar da aka rataye da igiya, nono ya zubo musu a ka, gari ya ɗauki sowa. Shekara da shekaru muna kallo muna dariya. Kwanan baya a Dogondutsi wani yaro ya tambaye ni don me ake fasa tukunyar. Na yi shiru, manyan da ke wurin su ma suka yi shiru. To, matambayi ba ya ɓata, shi ya sa a makon nan na ce bari mu leƙa cikin tukunyar tare.

Sunan bikin Janmashtami, ma'anarsa haihuwar ranar takwas. Mabiya addinin Hindu, waɗanda ƙidayar 2011 ta nuna sun kusa kashi 80 cikin 100 na mutanen Indiya, suna yin shi don tunawa da haihuwar Kirishna, ɗaya daga manyan ababen bautarsu. A aƙidarsu, abin bautarsu Bishnu yakan sauko duniya cikin wata siffa duk lokacin da zalunci ya yi yawa, kuma Kirishna shi ne saukowa ta takwas. Ranar tana faɗowa kwana takwas bayan cikar wata, lokacin da farin wata ke raguwa, a cikin Agusta ko farkon Satumba, wato daidai lokacin da marka ta zauna a nan ƙasarmu. Da yake lissafin wata suke bi, ranar tana motsi: a 2024 ta zo ran 26 ga Agusta, a 2025 kuwa ran 16.

Ga labarin kamar yadda littattafansu suka kawo shi. A birnin Matura, a gaɓar kogin Yamuna, an yi wani azzalumin sarki mai suna Kamsa. Aka yi masa gargaɗi cewa ɗa na takwas da ƴar'uwarsa Debaki za ta haifa shi ne ajalinsa. Sai ya kulle ta a kurkuku ita da mijinta Basudeba, ya riƙa hallaka jariransu, har shida. Daren da aka haifi na takwas, da tsakar dare, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, masu gadi suka yi barci, ƙofofi suka buɗe, uban ya sa jinjirin cikin kwando ya ɗora a ka ya ƙetare kogi da shi zuwa Gokul. Can ya bar shi hannun wani makiyayi, Nanda, da matarsa Yashoda. Yaro ya girma cikin shanu, daga baya ya komo Matura ya kawar da Kamsa. Mai karatu zai ji labarin ya tuna masa da wani sarki da ya sha alwashi a kan jarirai kuma dabararsa ta ƙi ci. Tsoron azzalumi iri ɗaya ne ko'ina.

Abin da ake yi a bikin duk daga wannan labari aka ciro shi. Ana wuni da azumi, wasu ko ruwa ba su sha, wasu su tsaya ga madara da ƴaƴan itace. Ana share gida, a cika wuraren ibada ana waƙoƙin yabo da karatun littattafai, cikinsu har da Bagabad Gita mai babi 18 da baiti 700, inda Kirishna ke yi wa jarumi Arjuna nasiha a filin daga. Idan dare ya raba, sai a busa ƙahon kodi, a buga ƙararrawa, a yi wa ɗan mutum-mutumin jaririn wanka da madara da kindirmo da man shanu da zuma da sukari, a sa masa sababbin tufafi, a kwantar da shi a shimfiɗar lilo. Sannan ne ake buɗe baki. A kudancin ƙasar mata kan zana ƴan sawun jariri da garin shinkafa daga bakin ƙofa zuwa cikin ɗaki, alamar baƙon ya shigo gida.

Tukunyar kuwa sai washegari, musamman a Mumbai da sauran jihar Maharashtra, kuma sunan wasan Dahi Handi, wato tukunyar kindirmo. An ce Kirishna yana yaro ɓarawon man shanu ne, har matan Gokul suka koma rataye tukwanensu a sama, shi kuwa ya tara abokai suka hau juna suka kai gare su. Wannan ƙiriniya ce samarin ke kwaikwayo. A 2012 wata ƙungiya ta Mumbai ta yi hawa 9, tsawon ya haura mita 13. Amma wasan yana karya ƙafa da baya, wani lokaci ya ci rai. A 2014 babbar kotun Bombai ta ƙayyade tsawon ga kimanin mita 6, ta hana ƴan ƙasa da shekara 18 hawa, kotun ƙolin Indiya ta tabbatar da hukuncin a 2016. A 2017 aka sassauta, aka cire iyakar tsawo, aka mai da shekarun 14. A 2022 gwamnatin jihar ta sa shi cikin jerin wasannin da hukuma ta amince da su.

Wani zai ce, ina ruwan ɗan kasuwar Maraɗi ko ma'aikacin Doso da wannan? Ruwansa biyu. Na farko na aljihu ne. Indiya ta buɗe ofishin jakadancinta a Yamai a 2009, kuma babban zauren taro na Mahatma Gandi da aka buɗe a 2020 da tallafinta aka gina shi. Shinkafa da magunguna da baburan kabu-kabu da yawa daga can suke fitowa, marasa lafiyarmu kuma can suke zuwa neman magani. Ranar Janmashtami hutu ce a ma'aikatun gwamnatin Indiya, bankuna a jihohi da dama a rufe suke. Wanda ya san kalandar abokin cinikinsa ba ya aika kuɗi ranar da babu mai karɓa, kuma gaisuwar barka da biki ba ta rage komai daga imanin mai yin ta.

Na biyu ya fi nauyi, don a gida yake. Mu ma mun san raya dare don tunawa da haihuwa: dubban jama'a ke cika Kiyota kowace shekara lokacin Mauludi. Bambancin a fili yake, don Musulmi haihuwar Manzo yake tunawa, ɗan Adam da aka aiko, Hindu kuwa ta wanda ya ɗauka abin bauta. Ba mai cewa a haɗa su. Sanin abu dabam, bin sa dabam.

To amma ga Lugu, cikin ƙasar Arewa. A nan ne Sarauniya Mangu ta tsaya wa rundunar Bule da Shanuwan a Afrilun 1899. Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mai da shi silima a 1986, silimar ta ci babbar kyautar Fespako a Wagadugu a 1987. Muna alfahari da sunanta a lakkwal da cikin jawabai. Amma mu nawa ne za su iya faɗin aikin da sarautar Lugu ke yi wa ƙasa da damina, ko matsayin Baura na Bagaji, ko yadda ake kai ƙara gaban dutsen Tunguma, ko yadda ake yin tarkama, inda gawar Sarauniyar da ta rasu ke nuna wadda za ta gaje ta? Mun ɗauki jarumtar mun bar mutanen, har sunan Azna ya zama abin gori a bakin yara. Indiyawa da wasan tukunya ya yi musu ɓarna ba su binne shi ba: sun kai shi kotu, sun yi gardama, sun sa masa doka, kuma ƴaƴansu sun san labarin da ke bayansa. Mu kuwa tsofaffin da suka san na Lugu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Ba na kiran kowa ya koma tsafi. Kirana ga malaman tarihi da ma'aikatan al'adu da ƴan Arewa masu hali shi ne su je, su zauna, su tambaya da ladabi, su rubuta da Hausa tun masu amsawa suna raye. Yaron nan na Dogondutsi ya samu amsarsa a kan tukunyar Mumbai. Ran da zai tambaye mu Tunguma, kada mu sake yin shiru. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.