Mu Ƙaru da Juna: In Rumbun Kwamfuta Ya Ƙi Buɗewa



A wannan wata za mu yi magana bisa wata amsa da akan ji a ofis: "Dosiye bai buɗe ba, ka dawo gobe." Mutum ya taso tun daga Urafan ko Kanembakashe neman takardar haihuwar ɗansa. In ya ji haka, sai hankalinsa ya tashi. Ko sunan yaron ya ɓace ne? A'a. Ga yadda abin yake.

In ofis yana da kwamfuta uku ko huɗu, akan haɗa su da waya zuwa wani ɗan akwati. Wannan shi ne rezo. Kwamfuta ɗaya ce ke riƙe da takardun duka, a wurin da ake kira dosiyen tarayya. Sauran wurinta suke ɗauka. Kamar bankin cimaka ne: hatsin gari yana rumbu guda, mabuɗi yana hannun kwamiti. In ƙofa ta ƙi buɗewa, hatsi yana nan ciki.

Ɗiyanmu da ke aikin rubutu a ofis ko a ƙungiyar manoma, ku bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

1. Uwar kwamfuta tana kunne? In ta mutu ko ta yi barci, ba wanda zai shiga. Wutar jahar Maradi daga Katsina take zuwa, ta Gazawa. A watan Agusta 2023 Najeriya ta yanke ta, sai a Maris 2024 ta dawo. Saboda haka batir da faifan hasken rana, uwar kwamfuta za a fara ba.

2. Ku dubi waya. Ƙurar hunturu tana cika bakinta, kusu kuma yana cin ta. A ɗan akwati kowace waya tana da fitilarta. In fitila ba ta ci, ku cire waya, ku busa, ku mayar.

3. Mutum ɗaya ne ya kasa shiga, ko kowa? In kowa ne, ku koma ga uwar kwamfuta da akwati. In mutum ɗaya ne, ku dubi wayarsa, sunansa da kalmar sirrinsa.

4. Wani an ba shi izinin karatu kawai, ba na rubutu ba. Wannan ba lalacewa ba ce. Shugaban aiki ke ƙara izini. Kada ku ari mabuɗin wani.

5. Kowace kwamfuta tana da lambarta cikin rezo. In wuta ta ɗauke ta dawo, lambar uwar takan canja, sauran su yi ta nema a tsohon wuri. Ku roƙi mai gyara ya kafe lambar.

Kada ku goge komi don haushi. Kowane mako ku kwafe dosiye, ku aje wani wuri. Ba a zuba iri duka a rumbu guda.

Ku kuma iyaye, dokar 2019 ta ba da kwana 60 a shaida haihuwa. Kada ku jira rezo. Ku sa a rubuta jariri cikin rajista tun a gidan likita ko a garinku.

Wanda ya karanta, ya karanta ma maƙwabcinsa. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.