Wa Ya Taɓa Ba Ka Labarin Tauraruwa Mai Wutsiya?

 

Da za a ce mu lissafo littattafan soyayya goma da muka karanta, kafin ƙiftawa da bismilla mun gama. Na yaƙi da aljanu irin na Abdulaziz Sani Madakin Gini ma ba za su ba mu wuya ba. Amma a ce mu kawo ƙagaggen labarin kimiyya guda ɗaya da aka rubuta da Hausa, sai ka ga ana sosa ƙeya. Daga nan sai a yanke hukunci cewa fannin na Turawa ne, Bahaushe ba ya karanta shi. Mu a ganinmu mai karatu bai ƙi ba, mai nuna masa hanya ne ya yi ƙaranci. Wannan aikin kuwa na marubuta ne, domin wanda bai karanta iri ba, ba zai rubuta iri ba.

Mu fara daga gida. A shekarar 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga littafin Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya. Labarin wani yaro ne, Kilba, wanda ya haɗu da wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo, suka yi tafiya cikin sararin samaniya. Yau littafin ya haura shekara hamsin. Ke nan duk mai cewa Hausa ba za ta iya ɗaukar irin wannan labari ba, an riga an ba shi amsa tun kafin a haifi yawancinmu. Abin tambaya shi ne, mutum nawa ne a cikinmu aka taɓa miƙa wa littafin aka ce karanta?

Yana da kyau mu bambance wannan fanni da labarin aljanu, don nan ne sababbin marubuta kan rikice. A labarin aljanu, zobe zai kai ka Birnin Sin cikin dare ɗaya kuma babu mai tambayar ta yaya. A labarin kimiyya kuwa, marubuci yakan ɗauki abu ɗaya ya canza shi, sannan ya bi sakamakon da gaskiya har ƙarshe. Da a ce damina ta ƙi zuwa shekara bakwai a jere, wa zai mallaki rijiya? Da a ce na'ura ce ke raba gado, wa za a kai ƙara idan ta yi kuskure? Dole labarin ya kasance da ƙa'ida, kuma marubucin ba shi da ikon karya ta don kawai ya ceci jarumarsa.

Bayan Dembo, littafin da muke ganin ya fi dacewa da ɗan Zamfara shi ne Noor na Nnedi Okorafor, wanda ya fito a 2021. A Nijeriyar nan gaba aka gina shi. Wata mace da aka haɗa wa jiki da sassan ƙarfe ta gudu Arewa, ta haɗu da wani makiyayi Bafulatani da ake farauta saboda an yi masa kuɗin goro da 'yan ta'adda, ga kuma wata guguwar rairayi da ba ta lafawa, ga wani babban kamfani da ya mamaye komai. Kafin shi, a 2007, ta fitar da The Shadow Speaker, wanda ta kafa a ƙasar Nijar ta shekarar 2070. A karanta su da idon basira. Marubuciyar a Amurka ta tashi, don haka akwai wuraren da za mu ce da mu ne da ba haka za mu faɗa ba. To wannan giɓin shi ne gonarmu. Mai son ƙari ya nemi Rosewater na Tade Thompson, wanda ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019, ko ya leƙa mujallar Omenana da aka kafa a 2014, inda ake karanta gajerun labaran marubutan Afirka kyauta a intanet.

Wanda Turancin littafi ke yi wa nauyi, kada ya karaya, ya shiga ta ƙofar labarai masu zane. E.X.O. na Roye Okupe, da ya fito a 2015, ya zana Legas ta gaba. LaGuardia na Okorafor kuma labarin baƙin halittu ne da takardun shiga ƙasa da wariya, ya kuma ci kyautar Hugo a 2020. Darasin da ke ciki babba ne ga mu masu son dogon bayani. Mai zane ba shi da shafi uku na kwatanta gari, hoto ɗaya ne da magana layi biyu. Duk wanda ya zauna ya lura da yadda suke yi, zai koyi rage surutu a rubutunsa.

Sai dai a yankinmu, ƙofar da ta fi kowace faɗi ita ce kunne. Ranar 30 ga Oktoba 1938, Orson Welles ya mayar da littafin H. G. Wells, The War of the Worlds, wasan kwaikwayon rediyo a Amurka. Ya shirya shi kamar labaran gaggawa da ke katse shiri, har wasu masu sauraro suka ɗauka da gaske halittun duniyar Mas sun sauka. Ba shi da kyamara, murya ce kawai da ƙarar abubuwa. Fim ɗin kumbo yana cin miliyoyi, amma a wasan sauti, waya ɗaya da mutum uku da tsohuwar fanka sun isa su tayar da kumbo. Mutanenmu kuwa ma'abota rediyo ne tun asali, ga kuma yadda littattafan Hausa na sauraro suka karɓu a YouTube. Mun kuma ga abin da ya faru a watan Satumba 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara: abin da ke cikin rediyo da katin memori shi ya rage a hannun jama'a. Labarin da aka naɗa da murya zai kai ga tsohuwar da ba ta karatun boko, zai kai ga mai ban ruwa yana cikin fadama.

Mun san wani zai ce, mutanen da ke kwana da ido ɗaya ina su ina labarin taurari? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba za mu raina ta ba. Amma mu dubi abin da ke gabanmu. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, da alkawarin noman rani a filayen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Ruwa ya cinye gonaki da gidaje, aka tayar da dubban mutane, rikicin diyya ya kai ga asarar rayukan manoma a 1980. Fasaha ta zo da alheri, ta zo da kuka, wasu suka samu wasu suka rasa. Wannan shi ne ainihin abin da manyan labaran kimiyya ke tattaunawa. Haka a 2010, gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, abokin gaba da ido ba ya gani. Kuma kada mu manta, makarantar Jangebe da aka kwashe ɗalibai 279 daga cikinta ranar 26 ga Fabrairu 2021, makarantar kimiyya ce ta 'yan mata. Duniya ta san su a matsayin waɗanda aka sace. Wa zai rubuta labarin da yarinya irinsu ce injiniyar da ke riƙe da makullin Bakolori a shekarar 2070? Idan ba mu rubuta ba, wani zai rubuta mana gobenmu daga nesa, ko kuma a rubuta goben babu mu a ciki.

Masu tsoron kada hasashen gaba ya zama shiga gaibu, su kwantar da hankali. Marubuci ba ya cewa ga abin da zai faru, cewa yake da a ce. Manomin da ya ga hadari ya kwashe shanya bai yi duba ba.

Saura yadda za mu riƙa ba juna shawarar abin karantawa. Cewa littafi ya yi daɗi ba ta wadatar. A faɗi abu uku: wace tambaya labarin ya yi, me ya canza a duniyarsa, kuma wace dabara marubucin Hausa zai ɗauka daga ciki. A faɗi inda aka same shi, a kuma faɗi gaskiya idan akwai abin da bai dace da yara ko tarbiyyarmu ba, don kada a tura ƙani inda zai dawo yana zargi. Wanda ya karanta na Turanci ya taƙaita wa 'yan uwa da Hausa cikin kalmominsa, ba tare da kwafe aikin mutane ba. Wanda kuma Allah Ya sa yana da tsohon kwafin Tauraruwa Mai Wutsiya a akwatin mahaifinsa, ya karkaɗe ƙurar ya ba na kusa da shi aro.

Aikin wannan mako ke nan: kowa ya nemo labari ɗaya, na karantawa ko na zane ko na sauraro, ya kawo mana shi da waɗannan abubuwa uku. Da haka ɗan kuka kan zama babba.

Allah Ya ƙara basira, Ya zaunar da yankinmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.