Wa Ya Ƙwace Wa Leburan Challawa Maraicensa?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin masu faɗa-a-ji na garin nan, a wurin taro da shafukan jaridu, wai abin da ya kashe wa talakan Kano zuciya shi ne shagala: karatun littattafan soyayya da kallon fim da sauraren waƙa. Wai da zai yi watsi da waɗannan ya duƙufa ga aiki, da tuni ya fita daga ƙangin talauci. Mu dai da muke riƙe da alli a makarantun sakandaren da ke kewaye da Challawa da Sharaɗa, muke koyar da 'ya'yan waɗannan bayin Allah, mun ce wannan magana zalunci ce tsagwaronta, kuma lokaci ya yi da za a mayar mata da martani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bari mu fara da duba ranar mutumin da ake zargi. Da an sallame sallar asuba zai kama hanya daga Fanshekara ko Sheka ko Ja'en. In a majemun Challawa yake, zai yini cikin fatu da ƙiraga da ruwan sinadarin da ke cin hannu, wanda dagwalonsa ya daɗe yana gangarawa kogin Challawa. In a kamfanin robobi yake a Sharaɗa ko Bompai, zai yini tsaye gaban injin da ke huci kamar maƙera. A wasu kamfanonin kashi biyu kawai ake raba aiki, na rana da na kwana, kowane awa 12, kuma da yawa daga cikin ma'aikatan 'yan wucin-gadi ne, ba su da takardar ɗauka balle ta sallama. Sai bayan isha zai shigo gida, yaran sun yi barci. To, jama'a, a ina shagalar take? Ɗan abin da ya rage masa kafin barci ya kwashe shi, ya kara rediyo a kunne ko matarsa ta karanta masa shafi biyu na wani labari, shi ne aka tsone wa ido?

Abin takaicin shi ne hutun nan ba alfarma ake roƙo ba, haƙƙi ne rubutacce. Tun 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar da awa 8 a rana, 48 a mako, ga ma'aikatan masana'antu. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ce wanda zai yi aikin awa 6 ko fiye a ba shi hutun aƙalla awa guda a tsakani, a ba shi cikakkiyar rana ɗaya cikin kowane kwana 7, sannan hutun shekara da albashinsa bayan ya cika wata 12. Kano kuwa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ce ta ayyana ranar 1 ga Mayu a matsayin hutun ma'aikata a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981. Ita ce kuma ta kafa hukumar yaƙi da jahilci ta jiha, wadda har UNESCO ta yaba wa aikinta. Mutanen wancan lokaci sun gane cewa abu biyu ne ke tafiya tare: a koya wa lebura karatu, a kuma bar masa lokacin da zai yi karatun.

Yaya aka yi muka dawo nan? Daga 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an gani, atamfar waje ta cika Kantin Kwari. Masaƙun da suka ciyar da dubban gidaje suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Inda aiki ya yi ƙaranci, masu nema suka cika bakin ƙofa, wa zai iya buɗe baki ya nemi hutu? Janye tallafin man fetur a 2023 ya ƙara wa Barno dawaki, domin wanda kuɗin mota ya gagara, tafiyar ƙafa ta cinye masa sauran maraicen.

A lura da kyau: cikin waɗancan shekarun wahala ne littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano suka bunƙasa. Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1990, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Mutane sun ruga gare su ne kamar yadda wanda rana ta doka ke rugawa inuwa. Littafin soyayya bai taɓa rufe masaƙa ko ɗaya ba. Waƙar fim ba ta taɓa ɗauke wuta a Bompai ba. Amma da aka tashi neman mai laifi, sai aka bar jaki ana dukan taiki. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafan hikaya da aka karɓe daga hannun 'yan makaranta aka cinna musu wuta a bainar jama'a. A 2016 aka yi ta hayaniya har gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji. Da rabin wannan zafin nama aka sa wajen leƙa majemu a ga awa nawa bayin Allah ke yi a tsaye, da yanzu wani zancen ake.

Ba mu ce duk abin da aka buga ko aka haska alheri ba ne. Akwai tarkace, akwai wanda ba za mu so 'ya'yanmu su gani ba. Sai dai maganin mugun littafi shi ne a kawo nagari kusa da hannu. Mu da ke duba takardun insha'i mun sani, yarinyar da ta saba da karatun labari ita ke iya ƙulla jimla, ita ke iya zama minti 40 ba ta waiwayi taga ba. Da aka kori littafi da ashana, me ya maye gurbinsa? Waya. Yau yaro zai share dare yana shafa TikTok, hoto na korar hoto, ya tashi da safe ido ja, zuciya a birkice, bai huta ba kuma bai ƙaru ba. Shi littafi yana tilasta wa mai shi ya zauna wuri guda, ya bi magana daga tushe har ƙarshe, numfashinsa ya daidaita. Wannan ita ce natsuwar da muke magana a kai.

Turawa ma sun farga. A Italiya, tun 1986, wasu suka tashi da gangamin a ci abinci a tsanake, a yi rayuwa sannu a hankali, don adawa da cin abincin gaggawa, har abin ya zama yayi tsakanin masu hali a duniya. Mu kuwa da abinmu tun kaka da kakanni: tatsuniya a tsakar gida, hira a dandali, shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan la'asar. Sannu ba ta hana zuwa. Duk wanda ya karanta littafi na ɗaya na Magana Jari Ce ya san da me aku ya ceci Musa ɗan sarki daga makircin waziri: da labari ya riƙa tsare shi dare bayan dare har gari ya waye. Alhaji Abubakar Imam ya san cewa labari na iya riƙe matashi daga faɗawa halaka. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa bai raina karen mota ba, ya yi masa waƙa. Muryar Mamman Shata ta raka direbobi da leburori shekaru aru-aru, har bayan rasuwarsa a 1999. Malamanmu kuma sun karantar da mu cewa jiki na da haƙƙi a kan mai shi, iyali ma haka. Yaya abin da ya zama ado ga mai kuɗi zai zama lalaci in talaka ya taɓa?

Saboda haka muna kira da babbar murya. Jami'an ƙwadago da shugabannin ƙungiyoyin ma'aikata su shiga Challawa da Sharaɗa da Bompai su tabbatar ana bin dokar hutu, ga ɗan wucin-gadi da na dindindin. Hukumar ɗakunan karatu ta jiha ta tuna cewa wanda ya tashi aiki da magariba a Kumbotso ba zai iya zuwa Ɗakin Karatu na Murtala Muhammed a cikin gari ba. A buɗe ƙananan ɗakuna a unguwannin ma'aikata, masu kaiwa dare, masu fitilar sola. Masu kamfanonin da ke cin moriyar gumin mutane su ɗauki nauyin ɗaki guda da kabad ɗin littattafai, kuɗinsa bai kai na man janareta na mako ba. Gidajen rediyo, har da Freedom da ke zaune a tsakiyar Sharaɗa tun 2003, su sanya karatun littafi a lokacin da mai aikin rana ya dawo gida.

Ku kuma 'yan'uwa marubuta, ku ɗauki zaman karatunku na wata-wata ku kai shi Fanshekara ko Dakata ranar Lahadi, ku shimfiɗa tabarma ku karanta wa masu kaushin hannu. Ku rubuta labarin majemi da na mai aikin kwana da na matar da ke jiran ƙarar ƙofa, don su ma su ga fuskarsu a takarda. Marubucin da mai karatunsa ba shi da maraice, alƙalaminsa a banza yake gudu. Allah Ya ba masu iko ikon yin adalci, mu kuma Ya sa mu dace, amin.